Yadda na sauka daga jirgin ruwa da singileti

Tun kafin jirgin ya tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen aka raba ni da dutsen gugata. Shadda kala huɗu na ɗinka domin wannan hutu na kwana 7 a Bahar Rum, amma har magariba akwatina bai iso ɗaki ba, sai wata takarda ce ta zo wai in je wajen masu tsaro. Can na tarar da layin masu laifi irina, kowa ya sunkuyar da kai. Ashe an hana shiga da kayan da ke ɗaukar zafi irin su dutsen guga da butar lantarki, domin a teku babu abin tsoro kamar gobara. Za su mayar maka ranar sauka. Guga kuwa sai ka biya, ana ƙirga maka riga ɗai-ɗai.

Ɗakin da na kama mara taga ne, don shi ne mafi araha. In an kashe fitila, tara na safe da biyun dare duk ɗaya suke, shi ya sa rana biyu muna makara sallar asuba. Alƙibla ma sai da ta wahalar da ni: jirgi na juyawa, kamfas ɗin waya kuma ya ruɗe saboda ko'ina ƙarfe ne. A kwana na uku na gano talabijin ɗin ɗakin yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa.

In don daɗi ne, akwai shi. Sau ɗaya za ka kwance kaya, amma kullum ka wayi gari a sabon wuri, yau Marsey ta Faransa, gobe Jenowa ta Italiya, jibi tashar Cibitabekiya, inda jirgin ƙasa ke kai mutum birnin Rum cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Abinci yana cikin kuɗin tikiti; mu dai mun riƙe kifi da taliya saboda gudun naman alade. Sai dai ɗakinmu yana can sama, wajen goshin jirgi, inda tangaɗi ya fi yawa. Tsakanin Basalona da Marsey iska ta taso, Hajiya ta kwana rungume da leda. Wanda ya san harkar, tsakiyar jirgi yake kamawa, a benen ƙasa.

Katin da suke ba ka shi ne makulli, shi ne shaida, shi ne aljihu, don haka ba ka jin fitar kuɗi. Lemun kwalba da intanet da ruwan gora duk daban ne, ga kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum a kowace rana, ko ya ce a ba su ko bai ce ba. Ni kuma na manta ban kashe layin waya ba, ta kama na jirgi mai bi ta tauraron ɗan'adam, ta cinye kuɗina ina barci.

Daren ƙarshe ne ya ƙarasa ni. Dokar ita ce ka liƙa wa akwati alamar launi, ka ajiye shi a bakin ƙofa kafin tsakar dare, su kwashe, gobe ka ɗauka a tasha bayan ka sauka. Sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa a ware kayan sawa na safe. Ni ban karanta ba. Da zafin nama na tattara komai, har hula da takalmi, na tura waje, na kwanta ina yaba wa kaina.

Da safe Hajiya, wadda ta ware abayarta tun da yamma, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Alhaji, me za ka sa?"

Na leƙa waje, babu akwati ko ɗaya. Ƙarfe 8 ake son kowa ya bar ɗaki, domin a ranar sababbin fasinjoji za su shiga. Haka na bi layin dubban mutane da singileti da wandon barci da silifas ɗin banɗaki, na yafa gyalen Hajiya mai duwatsu. A bakin ƙofar fita wani ma'aikaci ya duba katina, ya yi murmushi, ya miƙo mini dutsen gugata.