Kafin a gina "Facebook ɗin Sakkwatawa" da manhajar wiki

Ɗan ƙanwata mai karatun kwamfuta ya same ni bayan la'asar a ƙofar gida a Mabera, ya buɗe laftof bisa tabarma ya juyo mini da ita. Shafi ne mai kama da Wikipedia, sai dai ga hotonsa a gefe, ga sunan unguwarsu, ga jerin abokai uku, biyu daga ciki shi ya ƙirƙire su don gwaji. Ya ce, "Kawu, mi za ya hana mu yi namu Facebook? Manhajar ma kyauta ce."

Bai faɗi ƙarya ba. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, kowa na iya saukewa ya ɗora a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, ba tare da biyan ko sisi ga masu ita ba. Akwai kuma wani ƙari da ake liƙa mata mai suna SocialProfile, wanda ke bai wa kowane mai rajista shafin kansa da hoto da abokai da allon barin saƙo. Kwaɗayin mallakar namu dandalin ma yana da dalili. Mun ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun kuma ga ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wuta wajen awa shida, masu sayar da atamfa da turare ta waya suka zauna jugum. Mai kwana a ɗakin aro ba ya miƙe ƙafa yadda yake so.

Duk da haka na ce masa ya sake lale, domin an ƙera wiki ne don wani aiki daban. Ward Cunningham ya buɗe wiki na farko a Amurka a 1995 don masu rubuta manhaja su tara iliminsu wuri ɗaya, kowa ya gyara abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Shafin wiki gonar gandu ce, ta kowa da kowa. Shi kuwa mai shiga Facebook abin da yake nema shi ne a gan shi: hoton ɗaurin aure, sanarwar suna, ta'aziyya, raddi ga ɗan wata jam'iyya. Ka ba wani damar taɓa rubutun irin wannan mutum ka ga tashin hankali. Jimmy Wales da kansa, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Wikipedia a 2001, ya gwada haɗa abubuwan biyu a 2019 da dandalin WT Social, babu talla, kuma jama'a na iya gyara rubutun juna. Mutane sun yi rububin rajista da farko. Yanzu ka zaga daga Gawon Nama har Runjin Sambo ka nemo mini mai amfani da shi.

Sannan ga halinmu. Dillalin albasa da ke hulɗa da Wurno da Goronyo ba ya zama buga rubutu, danna waya yake ya yi magana ya saki. Rabin zumuncinmu a waya yau saƙon murya ne, wiki kuwa rubutu take so, rubutun ma mai natsuwa. Wayoyi da yawa ba a saita musu ɗ da ƙ da ɓ ba, don haka wani zai buɗe shafin "Ƙofar Marke", wani ya buɗe "Kofar Marke", sai an sami mai haƙurin haɗe su. Idan aka bar ƙofar rajista a buɗe, masu tallar caca da magungunan bogi daga ƙetare za su cika wurin kafin 'yan gari su iso. Ranar da aka zo kan asalin wani gida ko jerin waɗanda suka riƙe wata sarauta kuwa, mai kula da shafin zai san ya ɗebo ruwan dafa kansa. Tun 2023 kuma ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, wanda duk ya tara sunaye da hotuna da lambobin jama'a ya ɗauki amana da doka za ta tambaye shi.

Inda nake ganin yaron ya taka sa'a bai sani ba shi ne wajen ajiya. Ina cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Bara muka yi karo-karo don gyara rufin aji biyu, ma'aji yana turo jerin waɗanda suka biya duk mako. Wayarsa ta faɗa ruwa, jerin ƙarshe ya nutse ƙarƙashin barka da Juma'a da bidiyon wa'azi da hotunan biki. Mako biyu muna musu kan wa ya biya, har wasu suka daina gaisawa. Da a wiki aka rubuta, shafi ɗaya ne, kuma kowane gyara yana nan da sunan mai yin sa da ranar da ya yi, ana iya komawa ga tsohon rubutu da danni ɗaya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a garin Shehu. Wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin malam ya ga yadda almajirai ke rubuta fassara da ƙarin bayani a gefen shafi, wani da ajami, wani da Larabci, hannu daban-daban a takarda ɗaya, na baya yana ɗorawa kan na gaba. Hukumar adana tarihi ta Waziri Junaidu cike take da rubuce-rubucen hannu na magabata. Abin da ba a rubuta ba fa? Majemin da ya san yawan bagaruwar da fatar jar akuya ke sha, badukun da ya san yadda ake fitar da ja daga karan dafi, tsohuwar da ta riski karatun 'Yan Taru irin wanda Nana Asma'u ta kafa, duk ilminsu a ka yake. Wikipedia ta Hausa tana nan, ina kuma ƙarfafa wa matasa gwiwa su yi rubutu a cikinta, amma tana neman hujja daga littafi ko jarida, kuma yawancin abin da tsofaffinmu suka sani ba a taɓa buga shi ba. Wiki ta gari ita za ta karɓi wannan, da sharaɗin a rubuta daga bakin wa aka ji. Zumuncin da za a samu a irin wannan wuri na masu gayya ne, mutum ashirin ko talatin da aiki ya haɗa, kuma a nan ne hoto da allon saƙo na SocialProfile za su yi amfani.

Na ce masa ya bar hira a WhatsApp inda take, ya rufe rajista sai wanda aka sani, ya zaɓi abu ɗaya ya fara da shi. Ya yi shiru, ya ce to shi abokai dubu yake so a wata guda. Na ce ya fara da kakarsa, tana ciki tana tankaɗe, ta san sunayen unguwannin cikin gari da dalilin kowane suna. Ya duba cajin laftof ɗin, saura kashi 9, ya tashi ya shiga da ita.