Hasumiyar Debunca: a fara da rufi, a kuma nisanci siminti

A gaɓar tekun Kamaru, gindin Dutsen Kamaru, akwai hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a Debunca a 1904 don nuna wa jiragen ruwa hanya. Ta garin Kiribi, can kudu a gaɓar, ta biyo baya a 1906. Yau na'urar GPS ta karɓe aikin, an bar ta Debunca ga ruwa da ciyawa. Ra'ayina shi ne ta cancanci gyara, amma gyaran da aka saba yi wa tsofaffin gine-gine zai fi sakaci saurin kashe ta.

Siffar irin wannan gini ba ado ba ce. Ana yin sa a zagaye don iska ta zame ta gefe, gindi da kauri, bango yana sirancewa zuwa sama. A can ƙoli akwai ɗakin gilashi na fitila, da baranda ta ƙarfe inda mai gadi ke tsayawa ya goge gilashin, da 'yar kafa a rufi da hayaƙi ke fita. Tsayi kuwa lissafi ne: daga mita 16 ido na kai wa kusan kilomita 14 kafin doron teku ya tare shi, kuma sai an ninka tsayin sau huɗu nisan zai ninku sau biyu. Shi ya sa ake neman tudu a bakin ruwa maimakon a yi ta ɗora bulo.

Lalacewa daga sama take farawa. Gilashi ɗaya ya fashe, ruwa ya bi matakala ya sauka. Debunca na samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, ninki goma na Garwa. Ƙarfen baranda da aka dasa cikin bango, in ya sha iskar gishiri, tsatsarsa na kumbura har ta tsaga ginin daga ciki. Sannan tsuntsu ya yar da iri a tsagar, saiwa ta ƙarasa aikin.

Don haka a fara toshe rufi da gilashi, a cire ƙarfen da ya ci, a kashe saiwoyi, a buɗe tagogi bango ya bushe. Shafe shi ne na ƙarshe, kuma da farar ƙasa ta gini, wadda ake samu in an ƙona farin dutse: awo ɗaya ga awo uku na yashin kogi wankakke. Yashin teku gishiri ne da shi, ba ya yi.

Duk maginin da ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka shafe da siminti a Marwa ya san abin da ke biyo baya: danshi ya maƙale a ciki, shafen ya ɓamɓaro da naman bango. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita, siminti ba ya bari. Kuma ba sai an yi odarta daga Turai ba, ana ƙona dutsenta a Figil, kan hanyar Garwa zuwa Marwa.