Sojin ruwan Amurka sun janye, amma hannunsu na kan makunni

Masu cewa magana ta mutu tunda an janye matakin toshe bayanan yanayi da sojin Amurka suka so ɗauka su ne suka fi ba ni haushi a wannan badaƙala. A makon ƙarshe na watan Yunin 2025, kakar guguwar Tekun Atlantika na shirin kankama, hukumar kula da yanayi da tekuna ta Amurka, NOAA, ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa Ma'aikatar Tsaron Amurka za ta daina raba bayanan taurarin ɗan'adam nata na yanayi, waɗanda ake kira DMSP, daga ranar 30 ga watan. Wa'adin ko mako guda bai cika ba. Da aka yi ca, hukumar NASA ma ta sa baki, sai aka ɗaga zuwa 31 ga Yuli. Ana gab da cikar wannan wa'adin kuma rundunar sojin ruwa ta ce ta samo dabara, bayanai za su ci gaba da zuwa har na'urorin su mutu ko shirin ya ƙare a Satumban 2026. Shi ke nan, kowa ya koma harkarsa, har da masu yaba wa rundunar wai ta saurari koke.

Ni ban ga abin yabo ba. Abin da ya fito fili shi ne ofishi guda, cibiyar lissafin yanayi da teku ta sojin ruwa da ake kira FNMOC a garin Monterey na jihar Kalifoniya, yana iya toshe wata babbar kafa ta hasashen yanayin duniya da takarda ɗaya, ba shawara, ba neman uzuri. Wannan ikon yana nan inda yake. An dai fasa amfani da shi a 2025.

Dalilin da aka bayar shi ne barazanar kutse ga manyan kwamfutocin cibiyar. Matsalar da aka iya warware ta cikin wata guda da zarar 'yan jarida sun tsaya a kai ba ta cancanci a rufe wa duniya ido saboda ita ba. Hukumar NOAA kuwa cewa ta yi ai wannan ɗaya ne kawai cikin tarin kayan aikin da take da su, maganar da babu mai aikin dare a ɗakin hasashe da zai yarda da ita.

Ga abin da ya sa. Yawancin hotunan guguwa da muke gani a talabijin daga taurarin da ke tsaye can nesa a saman duniya suke. Da rana suna ganin gajimare da hasken rana. Da dare sai dai su auna sanyin saman gajimaren, kuma guguwa mai tasowa takan lulluɓe kanta da farin gajimare mai faɗi, ba a ganin abin da ke gudana a ƙarƙashi. Ma'aikacin da ke zaune a cibiyar guguwa ta Miyami da ƙarfe biyun dare yana kallon wannan farin lulluɓi ne, yana neman sanin inda tsakiyar guguwar take, da ko zoben ruwan sama da ke kewaye da idonta ya haɗe. Idan zoben ya rufe, to nan da 'yan sa'o'i iska za ta iya ninka ƙarfinta. Na'urar SSMIS da ke kan taurarin soja uku, F16 da F17 da F18, tana karanta zangon maikurowef da ke ratsa gajimaren sama, don haka ita ce ke nuna masa zoben a tsakar dare. Masanin guguwa Michael Lowry, wanda yana cikin waɗanda suka fara kwarmata batun, ya ƙiyasta cewa kusan rabin irin waɗannan hotuna da masu hasashe ke samu daga taurarin nan uku suke fitowa. Duk wanda ya tuna yadda guguwar Otis ta tashi daga matsakaiciya zuwa mataki na 5, mafi tsanani, cikin yini guda, ta afka wa birnin Akapulko na Meziko a Oktoban 2023, ta kashe fiye da mutum 50, ya san darajar hoto ɗaya da ya iso a kan kari.

Abin takaicin shi ne babu rundunar da ta kai ta sojin ruwan Amurka sanin haka, domin da gawarwaki ta sayi darasin. A ranar 18 ga Disamban 1944, Admiral William Halsey ya kutsa da ayarin jiragensa cikin guguwar da aka sa wa suna Cobra a gabashin Filifin, saboda masu hasashensa ba su da isassun rahotannin da za su nuna musu inda take. Jiragen yaƙi uku, Hull da Monaghan da Spence, suka kife. Kimanin mutum 790 suka halaka ba tare da Jafan ta harba ko harsashi ɗaya ba. Daga wannan masifa aka soma gina cibiyoyin sa ido kan guguwa a Tekun Fasifik, har aka kai ga cibiyar haɗin gwiwa ta gargaɗin guguwa, JTWC, a 1959. Cibiyar Monterey ita ma tun farkon shekarun 1960 take lissafin yanayi da kwamfuta. A yau tana gudanar da tsarin NAVGEM na yanayin duniya baki ɗaya, da COAMPS-TC na bin diddigin guguwa, da na tashin igiyar ruwa, yayin da 'yar'uwarta a Stennis ta jihar Misisifi ke lissafin zafin ruwa da gishirinsa da gudunsa, abin da jirgin ƙarƙashin teku ke buƙata don sanin yadda sauti ke tafiya. Su kansu waɗannan tsare-tsare da bayanan wasu suke rayuwa: na taurarin Turai da Jafan, na balan-balan ɗin awon yanayi na ƙasashe, na jiragen 'yan kasuwa. Mai ci da hannun kowa ne ya tashi rufe nasa akushin.

To amma akwai wata magana da ta fi ta kakakin gwamnati haɗari, domin ita masu ilimi ne ke yaɗa ta. Wai zamanin dogaro da tsofaffin taurari ya wuce, kwamfutoci sun ƙara girma, ƙirƙirarriyar basira kuma za ta cike kowane giɓi. Ana kawo misalin GraphCast, tsarin hasashe mai ƙirƙirarriyar basira na kamfanin Google, wanda aka bayyana a 2023 yana fitar da hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, da takwaransa AIFS da cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, ta fara aiki da shi a hukumance a Fabrairun 2025. Duka gaskiya ne, kuma ci gaba ne na ban mamaki. Sai dai an yi tuya an manta da albasa.

Tsarin lissafin yanayi, ko na sojin ruwa ko na farar hula, yana raba sararin samaniya da teku zuwa miliyoyin ƙananan akwatuna, ya sa wa kowane akwati zafinsa da danshinsa da matsin iskarsa, sa'an nan ya bi dokokin kimiyya yana tura lokaci gaba, 'yan mintuna bayan 'yan mintuna. Duk wannan aiki yana rataye ne a kan tambaya guda: yaya sama da teku suke a yanzu? Amsar kuwa ba a cikin kwamfuta take ba, aunawa ake yi. Kowace sa'a shida manyan cibiyoyi kan tattara miliyoyin ma'aunai su gyara hoton da za a fara lissafi da shi. Kwamfutar nan injin niƙa ce. Komai ƙarfin inji, dawar da aka zuba ita za a kwasa, in tsakuwa aka zuba tsakuwa zai niƙa, sai dai ya niƙa ta da sauri.

Tun kafin a ƙera kwamfuta aka ga haka. Baturen Ingila Lewis Fry Richardson, wanda ya fara gwada hasashe da lissafi, ya shafe makonni yana buga alƙaluma da hannu don hasashen sa'a shida kacal, ya wallafa sakamakon a 1922. Lissafinsa ya ce matsin iska zai sauya da miliba (ma'aunin matsin iska) 145 cikin waɗannan sa'o'i shida, abin da ba ya faruwa a duniyar nan. Shekaru da yawa bayan haka masanin yanayi na ƙasar Ailan, Peter Lynch, ya sake bin aikin, ya gano cewa hanyar Richardson daidai take, ma'aunan da ya fara da su ne ba a tace su ba. Shekara 90 bayan Richardson aka sake ganin abu ɗaya ta wata fuska. Cibiyar ECMWF ta hango, kusan mako guda kafin lokaci, cewa guguwar Sandy za ta karkata ta afka wa gabar gabashin Amurka a ƙarshen Oktoban 2012, aka yi ta yabon kwamfutar Turawa. Da masanan cibiyar suka maimaita lissafin bayan sun cire bayanan taurarin da ke zagaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu, sai wannan kwamfutar, da wannan manhajar, ta nuna Sandy tana wucewa can cikin teku. Kwamfutar ba ta ragu da komai ba, abin da aka ba ta ne ya ragu.

Ƙirƙirarriyar basirar ma a kan me ta yi karatu? GraphCast ya koyi yanayi ne daga rumbun ERA5 na cibiyar Turai, tarihin kusan shekara 40 da aka haɗa daga ma'aunai, ciki har da na zuriyar taurarin sojan da aka so toshe bayanansu. Kuma duk safiya sai an miƙa masa hoton halin da ake ciki kafin ya ce uffan. Wanda ke cewa basirar inji za ta maye gurbin aunawa bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani, ciniki yake nema.

A teku lamarin ya fi tsanani, domin tauraron ɗan'adam fatar ruwa kawai yake gani. Abin da ke ƙasa sai an nutsa. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, kowace tsawonta bai wuce na mutum ba. Takan nutse zuwa zurfin mita 1,000 ta bi ruwa na kwana tara, ta ƙara sauka zuwa mita 2,000, sa'an nan ta taso a hankali tana auna zafi da gishiri, ta leƙo sama ta aika wa tauraro, ta sake komawa. Ƙasashe kusan 30 ke zuba kuɗi a ciki, kuma cikin yini guda bayanan kan isa ga kowa kyauta, har da sojin ruwan Amurka. Da kowace ƙasa za ta fake da tsaro ta riƙe nata, da tsarin teku na rundunar ya makance kafin na kowa.

Kada mai karatu a Kano ko Damagaram ya ɗauka rigimar mutanen Fulorida ce. Hadarin nan da ke taso mana daga gabas a tsakiyar damina, duk bayan kwana uku ko huɗu, yana tafiya ne tare da wasu manyan igiyoyin iska da ke farowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, su fita teku ta gabar Senegal da Gini. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika daga cikinsu ake haifarsu. Wato guguwar da Amurka ke tsoro ta kan rufin gidajenmu take bi tana jaririya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, zafin ruwan Atlantika da na Mashigin Gini yana da hannu a yadda daminarmu ke kasancewa, kuma bincike ya daɗe da danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin tekuna. Ƙiyasin ruwan sama na tauraro da ake dogaro da shi a wuraren da babu ma'aunin ruwa, irin wanda NASA ke haɗawa, yana shan bayanan SSMIS. Turai da Jafan suna da nasu taurarin, in an rufe musu ƙofa ɗaya su leƙa ta wata. Wanda ba shi da komai a sama shi ya fi kowa shiga uku.

Mu kuma a ƙasa ba mu taɓuka abin kirki ba, kuma a nan fushina ya fi tafasa. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗin cewa yawan tashoshin awo a Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ya kamata, kuma rahotannin balan-balan daga nahiyar sun ragu da kusan rabi tsakanin 2015 da 2020. Balan-balan ɗin nan ba wani abin a zo a gani ba ne: roba, da iskar haidurojin, da 'yar na'ura da ke shiga tafin hannu, a sake ta sau biyu a rana ta hau fiye da kilomita 20 tana aiko da zafi da danshi da alƙiblar iska. A 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, an farfaɗo da tashoshi irin na Yamai da Agadas, an buɗe sababbi a Abuja da Tamale da Paraku da Kwatano. Ashe abin mai yiwuwa ne in akwai mai biyan kuɗin gas da albashin ma'aikaci. Amma gwamnatocinmu sun fi son ranar yanke zare a gaban babbar kwamfuta, domin ita ce ke yin kyau a hoto, ba wanda ke gayyatar minista kallon tashin balan-balan da sha biyun dare.

Za a ce ai taurarin sun tsufa, an harba su a 2003 da 2006 da 2009, kuma magajinsu WSF-M ya tashi tun Afrilun 2024. Tsufa dalili ne na shirya miƙa ragama tun da wuri, kuma a lokacin da aka fitar da sanarwar bayanan sabon tauraron ba su kai hannun masu hasashen farar hula ba.

Abin yi ba boyayye ba ne. Duk ƙasar da ke cin moriyar musayar bayanai ta duniya, ko da sojojinta ne ke riƙe da na'urar, a ɗaure ta da sharaɗin ba da sanarwar aƙalla shekara guda kafin ta yanke wani abu, kuma a buɗe bayanan WSF-M ga kowa. Cibiyoyin yanayi na ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai, da hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, a Abuja, su ne ya kamata su kai wannan ƙorafi gaban taron Hukumar Yanayi ta Duniya da sunan Afirka ta Yamma. Sai dai kafin su tafi Janiba, hedikwatar hukumar, su fara ƙirga tashoshin balan-balan nawa ne a yankin suka aika rahoto a daren jiya, domin ita ce tambayar farko da wakilin Amurka zai jefo musu.