Ku kuka kore mu daga gidan silima, ku daina cewa mun guje ku

Duk ƙarshen shekara, da zarar an fitar da alƙaluman cinikin tikitin finafinai, sai masu gidajen silima da manyan kamfanonin Hollywood su haɗa baki su fara kuka, wai 'yan kallo sun zama malalata, wai wayar hannu ta sace musu hankali, wai Netflix ta saba musu da zaman gida. Wannan zargi ya ishe ni, domin ina cikin waɗanda ake nufi da shi, kuma har yau ban daina son kallon fim a babban allo ba. Abin da na gaji da shi shi ne in biya kuɗi mai tsoka, a ɓata mini lokaci, a nuna mini hoto mai duhu cikin hayaniya, sannan a juyo a ce ni ne na kashe sana'ar. Laifi tudu ne, sun take nasu suna hangen namu.

Yadda ake lissafin cinikin kansa akwai rufa-rufa a ciki. Kullum dala ake ƙirgawa, ba a ƙirga mutanen da suka shiga suka zauna. A shekarar 2002 an sayar da tikiti kusan biliyan 1.6 a Amurka da Kanada, amma zuwa 2019 adadin ya sauko kimanin biliyan 1.2, alhali jama'ar ƙasashen biyu ƙaruwa suka yi a tsakanin. Duk da haka, a 2018 an yi ta shelar cewa an kafa tarihi da ciniki na kusan dala biliyan 11.9. Sirrin wannan tarihi a fili yake: matsakaicin kuɗin tikiti, wanda bai kai dala 6 ba a 2002, ya haura dala 9 a 2019. Ma'ana, mutane suna ta zamewa shekara da shekaru, su kuma suna ƙara wa waɗanda suka rage kuɗi domin cike giɓin, suna kiran hakan nasara. Saboda haka kada wani ya ce mana annobar korona ce ta kawo ciwon. Ta dai same shi ya riga ya yi nisa, ta ƙarasa kwantar da majinyacin. Ciniki ya faɗo ƙasa da dala biliyan 2.5 a 2020, ya farfaɗo zuwa kimanin biliyan 9 a 2023, ya ɗan sake ja baya a 2024, kuma ko wannan farfaɗowar wani ɓangarenta tsadar tikiti ce da ƙarin kuɗin da ake ɗorawa a kan manyan alluna irin su IMAX.

To, me mutum yake samu idan ya biya? Abu na farko da ake yi masa shi ne ƙarya a kan lokaci. An rubuta a tikiti cewa za a fara ƙarfe bakwai, ya bar aikinsa, ya yi sauri, ya zauna a kujerarsa kafin lokacin, sai a tsare shi kusan rabin awa ana nuna masa tallar mota da ta inshora da ta lemon kwalba, a bi da tallan finafinai masu zuwa guda bayan guda, wasunsu ma sun riga sun tona rabin labarinsu, daga nan kuma a nuna masa tallar gidan silimar da yake zaune a cikinsa, kamar ana tsoron ya manta inda ya zo. Wannan ba ƙazafi ba ne. A 2025 kamfanin AMC, wanda ya fi kowa yawan gidajen silima a duniya, ya fara rubuta wa masu sayen tikiti sanarwa cewa fim yakan fara ne bayan minti 25 zuwa 30 da lokacin da aka sa. Sun amsa laifin da bakinsu, amma maimakon su gyara, sai suka mayar da shi sanarwa. A 2025 ɗin dai wani ɗan majalisar jihar Connecticut ta Amurka ya gabatar da ƙudurin da zai tilasta wa gidajen silima su bayyana ainihin lokacin fara fim, kuma a Bengaluru ta Indiya wata kotun kare haƙƙin masu saye ta ba wani ɗan kallo gaskiya a ƙarar da ya kai kamfanin gidajen silima na PVR INOX saboda tallan da ya cinye masa lokaci. Idan har sai an je majalisa da kotu kafin ɗan kasuwa ya faɗa wa abokin cinikinsa lokacin da zai ba shi abin da ya biya, to lalacewar ta kai inda ta kai. A gida, idan na biya kuɗin manhaja mai tsada, ana cire mini talla. A gidan silima ina biyan wanda ya fi shi, sannan a sayar da idanuna ga masu talla ba tare da an nemi izinina ba.

Idan fim ya fara kuma, sai wata sabuwa. Tun da aka koma majigin dijital aka sallami yawancin ƙwararrun masu kula da majigi, ya zama ma'aikaci ɗaya ne, ko ma kwamfuta, ke tafiyar da ɗakuna goma ko fiye, babu mai leƙowa ya ga ko hoton ya dishe saboda ƙwan majigi ya tsufa an ƙi canzawa, ko sauti ya yi ƙarar da ba a jin maganar jarumai. Na sha zama a ɗakin da duk wani yanayin dare a fim ya koma baƙi ƙirin, ba ka gane wa ke magana da wa. Ga kuma maƙwabcin kujera da ya kunna wayarsa da haskenta duka yana hira, wani yana ɗaukar allo bidiyo, wani yana ba abokinsa labarin abin da zai faru. A da akwai ma'aikacin da ke zagayawa da tocila yana tsawatarwa. Yanzu an rage ma'aikata domin tsimi, sai ɗan kallo ya zaɓa tsakanin yin rigima da baƙo cikin duhu, ko fita neman manaja ya rasa minti goma na fim ɗin da ya biya, ko ya haɗiye fushinsa har a tashi.

Na san hujjarsu, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Gidan silima ba ya riƙe kuɗin tikiti duka, domin kamfanin da ya shirya fim yakan ɗauki rabi ko fiye. A 2017 Disney ta nemi kashi 65 cikin ɗari a kan wani babban fim nata, tare da sharaɗin a bar shi mako huɗu a ɗaki mafi girma. Shi ya sa ribar gidan take fitowa daga gugguru da lemo, waɗanda ake sayarwa ninkin-ba-ninkin kuɗinsu, da kuma talla. Bashi ma ya yi musu katutu, har kamfanin Cineworld, mai gidajen Regal, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Satumbar 2022. Yajin aikin marubuta da na 'yan wasan Hollywood a 2023, ɗaya kwana 148 ɗayan kwana 118, ya kuma jawo ƙarancin sababbin finafinai. Duk na ji. Amma rikici ne tsakanin attajirai biyu, mai fim da mai ɗaki, kuma ban ga dalilin da zai sa kowace asara tasu ta ƙare a aljihuna ba. Har kuɗin sayen tikiti ta intanet ake caje ni, wato ina biyan lada saboda na ɗauke musu aikin mai sayar da tikiti. A farkon 2023 AMC ta ma gwada ƙara kuɗi a kan kujerun tsakiya masu kyaun gani, sai da jama'a suka yi caa sannan ta janye bayan 'yan watanni.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cewa su da kansu suka koya mana jira. Shekaru da dama al'adar ita ce fim ya yi kusan kwana 90 a silima kafin a same shi a gida. A Yulin 2020 kamfanin shirya finafinai na Universal da AMC suka ƙulla yarjejeniyar da ta ba da damar saukar da shi zuwa kwana 17 kacal. A Disambar 2020 Warner Bros. ta sanar cewa duk finafinanta na 2021 za su fito a silima da manhajar HBO Max rana ɗaya. Annoba ta wuce, amma tsohon wa'adin bai dawo ba, aka tsaya a kusan kwana 45, wasu ma ba sa kaiwa. Mai iyali da zai sayi tikiti biyar, ya san cewa nan da 'yan makonni zai haya fim ɗin a gida da kuɗin da bai kai na tikiti biyu ba, don me za a kira shi malalaci idan ya jira? Lissafi ya yi, kuma su suka ba shi alƙaluman. Shugaban Netflix Ted Sarandos ya fito fili a 2025 ya nuna cewa zuwa silima tsohon yayi ne ga yawancin mutane. Shi aƙalla kasuwarsa yake karewa. Waɗanda ban gane musu ba su ne masu rantsuwa da darajar babban allo da rana, su sayar da ita da dare.

Sai kuma abin da ake sa mana a allon. A cikin finafinai goma da suka fi ciniki a duniya a 2024, tara ci gaban wani tsohon fim ne ko share-fagensa, na goman kuma daga wani sanannen wasan dandamali aka ɗauko shi. Fim mai matsakaicin jari, na barkwanci ko na soyayya ko na shari'a, wanda manya ke fita dominsa a da, an tura shi manhaja kai tsaye, ko a ba shi ƙaramin ɗaki da ƙarfe goma na dare a cire shi bayan mako guda, sannan a kafa hujja da rashin cinikinsa a ce jama'a ba sa son sabon abu. Amma a Yulin 2023 Barbie da Oppenheimer suka fito rana ɗaya, babu wanda yake kashi na biyu ko na uku a cikinsu, na farkon ya tara sama da dala biliyan 1.4, na biyun kuma, tarihin wani masanin kimiyya mai tsawon awa uku, ya haura dala miliyan 900. A ranar 3 ga Satumba, 2022, da aka sayar da tikiti dala 3 a faɗin Amurka, mutum sama da miliyan 8 suka fito a yini ɗaya. Ashe dai 'yan kallo suna nan da ransu.

Bukukuwan ba da lambar yabo, waɗanda ya kamata su zama jagora ga mai neman fim mai kyau, su ma sun bi sahu. A 1998 mutum sama da miliyan 55 suka kalli bikin Oscar a Amurka. A 2021 adadin ya faɗo kusan miliyan 10, kuma a 2024 da 2025 bai kai miliyan 20 ba. Ta yaya mutum zai damu da gasar finafinan da bai samu damar gani ba? Yawancinsu a ƙarshen shekara ake sakinsu a 'yan ɗakuna a New York da Los Angeles domin cika sharaɗi, a kashe miliyoyin daloli wajen zawarcin masu ƙuri'a, sauran duniya kuwa ta jira. Da masu shirya bikin suka ga kallo ya ragu, maganin da suka kawo ya fi ciwon muni. A 2018 suka sanar da rukunin fim mai farin jini, suka janye cikin wata guda saboda suka. A 2022 suka cire rukuni takwas daga shirin kai tsaye, ciki har da tace hoto da sauti da kiɗa, wato sana'o'in da su ne fim ɗin kansa. Gasar Golden Globes kuwa, bayan badaƙalar 2021 da ta bayyana cewa babu baƙar fata ko ɗaya cikin mambobi 87 na ƙungiyar da ke zaɓe, ta ɓullo a 2024 da sabuwar lambar yabo ta cinikin tikiti, kamar wanda ya tara dala biliyan ɗaya yana buƙatar a sake gaya masa ya yi ciniki.

Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya fito a Afrilun 2025, lokacin da hukumar Oscar ta kafa dokar cewa dole ne mamba ya kalli duk finafinan da ke cikin rukuni kafin ya jefa ƙuri'ar ƙarshe a kansa. Bikin da aka fara tun 1929, sai bayan shekara 96 aka ga ya dace a wajabta wa alƙalai a kowane rukuni su ga abin da suke yanke wa hukunci. Waɗannan mutane kyauta ake kai musu finafinan har cikin ɗakunansu ta manhajar hukumar, babu talla, babu kuɗin tikiti, babu maƙwabci mai waya, kuma duk da haka sai da doka aka sa su kallo. Su ne kuma ke hawa dandamali a daren biki suna roƙonmu mu koma silima domin ceton sana'a.

Ni abin da nake nema ba shi da yawa, kuma yawancinsa ba ya buƙatar sabon gini ko kujera mai kwanciya. A canza ƙwan majigi idan ya tsufa, a sa ma'aikaci ɗaya ya riƙa leƙa ɗaki yana da ikon fitar da mai damun mutane, a bar ƙaramin fim ya yi wata guda a lokacin da mai aiki zai iya zuwa, kamfanonin fim kuma su tsaya a kan wa'adi ɗaya da kowa ya sani. Sannan a rubuta a jikin tikiti ƙarfe nawa fim zai fara da gaske, wanda ba zai ci musu ko sisi ba in ban da kuɗin tallar da suke karɓa a kan lokacina.