Saniyar Holan daban, ta ruga daban

Ranar Talata, a ɗakin shan shayi na ofishinmu da ke birnin Utrek na ƙasar Holan, na buɗe firij zan ɗauki madara. Kwalayen madarar tsirrai na tarar a jere: na ots, wani hatsi mai kama da alkama, na waken suya, na almon, sai can ƙurya ɗan kwalin madarar shanu kamar maraya. Shi na ɗauka. Wata baturiya da muke aiki tare ta dube ni da murmushin tausayi, ta ce ashe har yanzu ban daina ba? Ita shekararta 4 rabonta da nonon dabba, domin ƙasashe irin namu ɗumamar yanayi ya fi gallaba. Wato don ni take yi. Na yi yaƙe, amma maganar ta kwana tana ci na.

Ban ce ƙarya ta yi ba. Binciken da Joseph Poore da Thomas Nemecek suka fitar a 2018 ya nuna lita ɗaya ta madarar shanu tana jawo wajen kilo 3 na iskar da ke ɗumama duniya, ta ots kuwa ba ta kai kilo 1 ba. Ta shanu tana cin ruwa sama da lita 600, ta ots ƙasa da 50. Saniya na gyatsa iskar mitan mai ɗumama duniya, wannan kam babu musu.

Amma wace saniyar? Ku zo ku ga ta nan. Baƙa da fari ce, ba ƙaho, da lamba ruwan ɗorawa a kunne, hantsarta har tana hana ta tafiya. A wasu gonakin ita ke kai kanta gaban inji, ya wanke nonon, ya tatse, kwamfuta ta rubuta, ba hannun ɗan Adam ko ɗaya. Tana ba da sama da lita 20 a rana. Wani ɓangare na abincinta waken suya ne da jirgin ruwa ke kawowa daga Barazil. Kashinta kuwa a rami ake tarawa, ya yi yawan da ƙasar ta kasa shanyewa. Holan ba ta kai jihar Kaduna faɗi ba, amma shanun tatsarta sun kai wajen miliyan ɗaya da rabi. A 2019 kotu ta ce gurɓatar ta wuce ƙa'ida, aka fara zancen rage dabbobi, manoma suka tuƙo taraktoci suka toshe hanyoyin birnin Heg. Wanda ya yi wa saniya haka, dole wata rana ya ji kunyarta.

Bunajinmu fa? Lita ɗaya ko biyu, bayan ɗan maraƙi ya sha, kashinta kuma manomi roƙonsa yake yi. Na san masana sun ce idan aka auna lita da lita, saniyar da ba ta ba da nono da yawa ta fi fitar da iskar. To, su auna. Lita nawa yaron Ƙauran Namoda yake sha a shekara, nawa ɗan Utrek yake sha, ban da cuku?

Abin da ya fi ɓata mini rai, daga Turai ɗin nan ake cire man nonon a sayar musu, a cuɗa sauran da man kwakwar manja a busar, a aiko mana a buhu mu kira shi madara. Kuma madarar tsirran da ake mana wa'azinta, kunun aya da kunun gyaɗa mene ne? Har ayar Nijar ake lodawa zuwa Sifen su yi abin shansu da ita. Mu ba mu taɓa cewa duniya muke ceto ba.

Da dare na kira Inna ina ba ta labari, ta yi ta dariya. Na tambaye ta ko 'yar Fulanin nan mai kawo mana kindirmo da man shanu tana zuwa. Ta yi shiru, sannan ta ce tun da aka kore musu shanu suka tashi daga rugar, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yanzu da madarar gari suke dama fura.