Da Aka Kasa Samun Masana'anta, Sai Aka Ƙone Gari

Ranar 1 ga Satumban 1939, ranar da Jamus ta afka wa Poland, Shugaba Roosevelt na Amurka ya roƙi ƙasashen da ke shirin gwabzawa kada su yi wa fararen hula ruwan bama-bamai. Birtaniya ta amsa da na'am. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, jiragenta da na Amurka sun mai da birnin Dresden na Jamus kufai. Masu kare wannan aiki sukan ce dole ce ta sa. Rabin maganar kawai na yarda da shi.

Dolen farko gaskiya ce. A Disambar 1939 jiragen Birtaniya 22 masu jefa bama-bamai, samfurin Wellington, suka nufi jiragen ruwan Jamus da rana tsaka, 12 ba su dawo ba. Sai aka koma kai hari da dare, lokacin da biranen Jamus ke kashe fitilu, mai nuna hanya kuma ba shi da abin dogaro sai taswira da agogo da taurari. A Agustan 1941 rahoton Butt, wani bincike na gwamnatin Birtaniya, ya tona asiri bayan nazarin hotunan da jiragen suka ɗauko: cikin waɗanda suka ce sun kai hari, ɗaya bisa uku ne kawai suka je kusa da wurin da tazarar mil biyar. A Ruhr, yankin masana'antun Jamus mai hayaƙi kuwa, ɗaya bisa goma.

Nan ne gizo ke saƙar. Maimakon a ce makamin ya gaza, sai aka sauya abin da ake hari. Umarnin 14 ga Fabrairun 1942 ya ce a karya zuciyar jama'ar Jamus, musamman ma'aikatan masana'antu, kuma babban hafsan sojan sama, Charles Portal, ya fayyace cewa unguwanni ake nufi, ba tashar jiragen ruwa ko masana'antar jirage ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba Arthur Harris ragamar rundunar jiragen jefa bama-bamai. Mafarauci ne ya kasa harbin nama, ya cinna wa daji wuta, sannan ya dawo yana cewa dama dajin ya nufa.

A Hamburg aka ga ma'anar wannan umarni. Daren 27 ga Yulin 1943, manyan bama-bamai suka fasa rufi da tagogi, masu ƙona wuta suka biyo baya. Gobarar ta haɗe ta zama guguwa mai tumɓuke bishiyoyi, kwalta ta narke tana kama ƙafafun masu gudu, waɗanda suka fake a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka mutu don rashin iska. Kimanin mutum 40,000 suka hallaka a hare-haren wannan mako.

Shin zuciyar Jamusawa ta karye? Ai Birtaniya ce ya kamata ta fi kowa sanin amsa, tunda Jamus ta yi wa Landan da Coventry irin wannan a 1940, mutanen kuma ba su miƙa wuya ba. Ƙera makamai a Jamus ƙaruwa ya yi ta yi a ƙarƙashin ministan makamai Albert Speer har tsakiyar 1944. Ban ce hare-haren sun tashi a banza ba. Sun tilasta wa Hitler ya tsare dubban manyan bindigogi da jiragen yaƙi a gida, alhali ana neman su ruwa a jallo a fagen Rasha. Birtaniya ma ta biya da rayukan ma'aikatan jirgi sama da 55,000.

Sai dai a 1944 uzurin ya ƙare. Na'urorin nuna hanya irin su Oboe da jiragen share fage masu sa wa wuri alama sun sa ana iya samun mahaɗar layin dogo a Faransa da dare. Hare-haren da aka kai wa matatun mai a shekarar su ne suka durƙusar da sojan saman Jamus, har aka rasa man horar da sababbin matuƙa. Harris ya san haka, amma ya yi ta jayayya da Portal yana ja baya, ya ci gaba da bin jerin biranensa. Dresden, inda aka rasa rayuka kusan 25,000, ta faɗi ne a Fabrairun 1945, sojan Rasha na bakin kogin Oder.

Amurka, wadda ke alfahari da na'urar saiti ta Norden, ba ta tsira ba. Gajimaren Turai ya sa jiragenta sakin bama-bamai da radar, wanda a aikace bai bambanta da harin gari ba. A Japan iska mai ƙarfi ta ɓata saitin jiragen B-29, sai kwamandansu Janar Curtis LeMay ya sauko da su ƙasa-ƙasa da dare ɗauke da bama-baman wuta. Daren 9 ga Maris 1945 kaɗai, mutum wajen 100,000 suka mutu a Tokyo.

Kada kuma a ce ba wanda ya ga laifin abin a lokacin. Bishop George Bell ya miƙe a Majalisar Dattawan Birtaniya a Fabrairun 1944 ya yi tir da shafe birane. Firaminista Churchill, wanda gwamnatinsa ce ta amince da tsarin tun farko, sai a ƙarshen Maris 1945 ya rubuta wa hafsoshinsa cewa lokaci ya yi da za a sake duba jefa bama-bamai don tsoratarwa kawai. Hafsoshin suka fusata, ya janye takardar ya sassauta kalmominta.