Ginin gidan tarihi shi ma kayan tarihi ne

Idan aka ce wani gini ya cancanci a adana shi, yawancin mutane tsohuwar fada ko ganuwa suke hangowa. Ginin kankare marar ado, wanda aka yi a shekarun 1950, ba ya shiga lissafinsu. A ganina nan ne ake tafka asara, kuma gidan tarihi na Uganda da ke Kampala ya isa misali.

An kafa shi tun 1908, amma sai a 1954 ya koma ginin da yake ciki yanzu a tudun Kitante. Wanda ya zana ginin shi ne Ernst May, Bajamushen da ya jagoranci gina dubban gidajen ma'aikata a Frankfurt daga 1925 zuwa 1930, kafin rayuwa ta kai shi Tarayyar Sobiyet, sannan Gabashin Afirka. Duk da wannan asali, a 2011 gwamnati ta fito da shirin rushe shi domin kafa cibiyar kasuwanci mai hawa 60, har sai da ƙungiyoyin kare kayan tarihi suka garzaya kotu. Ginin ya tsira, kuma a 2019 Gidauniyar Getty ta Amurka ta ba da tallafin tsara yadda za a kula da shi.

Sai dai sakaci ya fi katafila kashe irin waɗannan gine-gine, domin shi ba ya ƙara, babu kuma wanda zai kai shi kotu. Ganye ya toshe magudanar rufi, ruwan sama ya kwanta, ya bi ƙaramar tsaga har ya tarar da rodin da ke cikin kankaren; rodin ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓalle kankaren daga ciki. Kafin a farga an jera bokitai tsakanin akwatunan gilashi, danshi yana cin fatu da saƙa da takardun da aka gina wurin dominsu, mai kwaɗayin filin kuwa ya samu hujjar cewa ai gini ya mutu.

Gyaran ganin ido ma ɓarna ne: a toshe kafofin iska, a sauya tagogi, a lulluɓe bango da tayil. Abin da nake nema daga hukumomin da ke riƙe da irin waɗannan wurare ƙarami ne: su nemo zanen ginin na asali kafin a taɓa komai, su kuma ware kuɗin mutumin da zai hau rufi ya share magudana kafin kowace damina.